«Rezo ya ɗauka, kowa na magana»: dan Allah, kowa wa?

Yau ba gaishe-gaishe na kawo ba. Faɗa na zo yi, kuma da ƴan gidanmu: mu ma'aikatan radiyo da masu riƙe da shafukan labarai. Ni ma ina cikin masu laifin.

Akwai wata magana da ta kama bakinmu kamar goro. Da an buɗe mikro sai ka ji: «rezo ya ɗauka», «ana ta cece-kuce a kafofin sada zumunta», «kowa na magana a kai». To, ni tambayata ita ce: kowa wa? Mutum nawa? A ina suka faɗa? Yaushe aka fara, kuma wa ya fara? In ka tsare abokin aiki da waɗannan tambayoyi bayan an rufe mikro, sai ka tarar «kowa» ɗin nan gurup uku ne na WhatsApp da ke cikin wayarshi: na ƴan unguwa, na tsofaffin ƴan lise, da na dangin matarshi. Kuma sau da yawa mutum guda ne ya tura abin cikin duka ukun.

Bari in fara da tona kaina.

Ƙarshen watan Mayun 2025 ina cikin shirin safe, sai hotuna suka dinga shigo mini. Gidaje a rushe, mutane na tono cikin laka, a sama an rubuta wani abu da Ingilishi, kuma kalmar da idona ya kama ita ce Niger. Kun san abin da damanar 2024 ta bar muna a zuciya. Ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, har komawa lakwal sai da aka ɗage. Da wannan tsoron na matsa kusa da mikro na ce ana ta yaɗa hotuna a rezo cewa ruwa ya yi ɓarna a wani yanki na ƙasar nan, Allah ya kiyaye.

Ba a yi minti biyar ba wata tsohuwa ta kira. Ta ce: «Ɗana, wane gari ne? Ɗiyata na aure a Gaya, na kira wayarta ba ta shiga.» Na ce: «Inna, ki yi haƙuri, muna kan bincike.» Wallahi ƙarya nake, ban bincika komi ba. Sai da aka sa talla na shiga X na rubuta kalmomi biyu, amsa ta fito. Mokwa ce, cikin jihar Neja ta Najeriya, inda ambaliya ta kashe mutane sama da 150, Allah ya jiƙansu. Jaridun can in suna rubutu da Ingilishi, jihar tasu Niger suke ce mata, daidai da yadda ake rubuta sunan ƙasarmu. Na dawo na nemi gafara. Amma tsohuwar nan ta riga ta sha tashin hankalinta, kuma ban san mutum nawa suka kashe radiyo kafin gyaran ya fito ba. Magana zarar bunu ce.

Binciken da ya fid da ni bai ci minti biyu ba. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Ba kuɗi ne ya hana mu ba, ba kayan aiki ba ne. Ƙyuya ce.

Hanyar da nake magana a kai tsohuwa ce, ta girmi intanet da sama da shekara ɗari. Sunanta ya samo asali daga George Boole, ɗan wani mai ɗinkin takalma a garin Lincoln na Ingila. An haife shi a 1815, ya rasu a 1864. Bai yi jami'a ba, da kanshi ya koyi lissafi, har ya zama malamin jami'a a birnin Cork. A 1854 ya fitar da littafi kan dokokin tunani, inda ya nuna ana iya auna magana da lissafi, ko gaskiya ko ƙarya. A 1937 wani ɗalibi Ba'amurke, Claude Shannon, ya nuna cewa ana iya gina wannan lissafi da makunnan lantarki. Kowace kwamfuta da kowace wayar da ke hannunku a kan wannan take tsaye. Waɗanda muka yi kwalej mun tuna mushen lissafi yana zana da'ira biyu masu shiga juna a allo, yana cewa intersection da réunion, mu kuwa muna hamma. Ashe abincinmu yake koya muna.

Duka abin kalmomi uku ne: DA, KO, BANDA. Da Faransanci ET, OU, SAUF. Na'ura kuwa da Ingilishi take jinsu: AND, OR, NOT.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi gab da layya ya san su. Ka ce wa dillali: «Alhaji, rago nake so, fari, DA ƙaho, DA ƙiba.» Kowane DA ka ƙara, ragunan da za a jawo maka raguwa suke. In ka ce «balami KO uda, duk wanda aka samu», ka buɗe ƙofa, za a kawo da yawa. In ka ce «BANDA gurgu», ka fid da wasu daga cikin garke. Shi ke nan. DA yana matsewa, KO yana faɗaɗawa, BANDA yana cirewa. Wanda ya iya sayen rago ya iya wannan bincike.

Ga yadda ake rubutawa. A wurin nema na X, in ka bar fili tsakanin kalma biyu, DA ke nan, ba sai ka rubuta ba. KO ana rubuta shi OR da manyan baƙaƙe. BANDA kuwa ƴar alamar ragewa ce, ka manna ta a jikin kalmar, ba fili. In kana son jimla ta fito yadda take, ka sa ta tsakanin alamun zance. Kalmomin da ke ƴan uwan juna ka tara su cikin baka biyu. Kwanan wata kuma da since: da until:. Misali, mai son ya san abin da ake rubutawa kan ruwa a Maraɗi:

(Maradi OR Maraɗi) (ambaliya OR inondation OR inondations OR Goulbi OR Gulbi) since:2025-07-01

Wanda kuma ba ya son ya faɗa ramin da na faɗa:

(Niger OR Nijar) (ambaliya OR inondation) -Mokwa -Minna -Neja -Delta

Sannan ka zaɓi jerin sababbi, ba na waɗanda suka fi farin jini ba, ka bi su baya-baya har ka iske wanda ya riga kowa. A Google ma OR da alamar ragewa da alamun zance suna aiki, kuma akwai site: wanda ke tsare nema cikin gida guda. In ka rubuta site:facebook.com sannan kalmominka, zai kawo maka wani kaso na abin da aka wallafa a fili a Facebook. Wurin nema na Facebook ɗin kanshi ba ya bin waɗannan ƙa'idodi, sai dai ka tace da shekara ko da wuri. Akwai kuma Google Alerts, kyauta ne, ka ba shi kalmominka sau guda, ya dinga aiko maka saƙo in sabon abu ya fito.

Yanzu ga inda aikin ya zama namu, ba na wani ba. Na'ura ba ta san gari ba, baƙaƙe ta sani. Mu kuwa kowane garinmu suna biyu ko uku gare shi a rubuce. Zinder da Damagaram. Tahoua da Tawa. Niamey da Yamai. Tessaoua da Tasawa, Madaoua da Madawa, Dogondoutchi da Dogon Dutsi da Doutchi, Guidan Roumdji da Gidan Rumji. Wanda ya yi lakwal ta Faransanci yana rubuta Hausa da hannun Faransanci: ou a wurin u, ch a wurin sh, tch a wurin c. Wani ya rubuta ciniki, wani tchiniki. Wani yana da ƙ da ɗ da ɓ a wayarshi, wani babu. Mu a nan ƴ muke rubutawa, ƴan uwanmu na Kano da Katsina su sa ƴar waƙafi kafin y. Cuta guda, wani ya ce kwalara, wani choléra, wani amai da zawo, wani amai da gudawa. In ka nemi guda ka bar sauran, ka ga rabin kasuwa ka ce ka ga duka.

Akwai kuma tarko ta ɗaya gefen. Ka rubuta Tawa kaɗai, ka ga abin da za ya fito: mota tawa, uwa tawa, masoyiya tawa. Ka rubuta Gaya, za ka samu «gaya mini» dubu, da Gaya ta jihar Kano, har da wata Gaya a ƙasar Indiya. Ka nemi kasuwar Dole ta Damagaram, sai duk wanda ya taɓa rubuta «dole ne» ya faɗo maka. A nan DA ke ceto: Gaya da Dosso, Dole da Zinder. Shi ma BANDA wuƙa ce mai kaifi biyu. In ka ce banda Najeriya don ka huta, ka yanke labarin iyakar Ɗan Isa da Jibiya, ka yanke na layin dogon Kano zuwa Maraɗi, alhali rabin cinikinmu ta can yake. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aikinka shi ne ka san me take zubarwa.

Wa ya san duk waɗannan sunaye da rubuce-rubuce? Ba wani ƙwararre da ke zaune a Faransa ko Amurka ba. Kai ne, da ke karanta gaishe-gaishen ƙauyuka kullum da yamma. An ce Hausa ta zama harshen ƙasa tun kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025. Madalla. Amma takarda ba za ta koya wa na'ura cewa Tahoua da Tawa gari guda ne ba. Mu za mu zauna mu rubuta jerin.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jinshi a fada da wurin shan shayi.

Na farko: «Wannan aikin manyan kafofi ne masu kuɗi.» A'a. Akwai kamfanoni da ke sayar da manyan manhajojin sa ido da tsada, gaskiya ne, kuma ba mu da kuɗinsu. Amma abin da na nuna a sama ba ya cin komi sai ɗan kiredin da ka riga ka ƙona wajen kallon TikTok.

Na biyu: «Ai wannan leƙen asiri ne.» Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma ba zan raina ta ba. Wuƙar da ake yanka albasa da ita ana iya yanka mutum. Kalmomin nan uku, wanda ke neman ya farauci masu faɗin ra'ayinsu shi ma da su yake aiki. To ga iyakar da na ja wa kaina: ina neman magana, ba na neman mutum. Ina bin ambaliya, farashin tiyar hatsi, cutar da ta ɓulla, hanyar da ta yanke. Akwai from: wanda ke kawo abin da shafi guda ya wallafa. Ka yi aiki da shi kan shafin ma'aikatar gwamnati, ko na masu hasashen yanayi, ko na wanda ke riƙe da muƙamin jama'a. In ka juya shi kan tsohuwar matarka ko ɗiyar maƙwabcinka, kai ba ɗan jarida ba ne, ɗan sa ido ne, kuma ba da yawuna ba. Abin da mutum ya rubuta a fili ma, in ba mai muƙami ba ne, ba dole sai ka kira sunanshi a iska ba.

Na uku shi ya fi ƙarfi: «Mutanenmu ba a X suke ba.» Wallahi gaskiya ne. Labarin ƙasar nan a WhatsApp yake yawo, kuma mafi yawanshi ba rubutu ba ne, bokal ne. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa tun 2016, babu wani OR ko AND da zai shiga can. Abin da za ka iya kawai shi ne ka nemi kalma cikin wayarka, ka ga a wane gurup ta fara shigo maka, ka kuma lura da ƴar alamar da ke nuna an yi ta tura saƙon hannu zuwa hannu. Bidiyon TikTok kuwa magana ce a baki, wadda neman kalma ba ya kamawa sosai. Ƙofofin ma ƙara rufewa suke. A 2023 X ya daina ba da bayanansa kyauta ga masu bincike, TweetDeck ya koma na kuɗi. A watan Agustan 2024 kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, wadda ƴan jarida da yawa ke bin Facebook da ita.

To, sai mu ce a bar binciken ke nan? Ko kusa. Wannan hujja ba ta wanke mai cewa «kowa na magana» ba, ƙara kama shi ta yi. In har wanda ya zauna ya tace da kyau ba ya iya rantsuwa cewa ya ji kowa, kai da gurup uku fa? Binciken kalma ba ya faɗa maka abin da ke zuciyar ƴan Nijar. Manomin da ke bakin Gulbin Kaba, da matar da ke daka a ƙauyen Dakoro, ba su rubuta komi ba, kuma su ne mafi yawa. Abin da yake faɗa maka ƙanƙane ne, amma shi ne muke bukata kafin mu buɗe baki: shin maganar nan ta wanzu a wajen wayata? Yaushe ta fara? A wace ƙasa? Wa ya fara sa ta? Akwai wanda ya riga ya ƙaryata? Jita-jitar da ta iso maka a bokal, sau da yawa ta taɓa bi ta wani shafi a rubuce, da kwanan wata a jikinta. Can za ka kama ta.

Wannan gargaɗin ya hau kan masu zuwa muna da rahoto mai zane-zane masu launi, suna cewa ga «ra'ayin jama'a a kafofin sada zumunta». Ku tambaye su kalmomin da suka sa a rariyarsu. In Faransanci ne kaɗai, ba Hausa, ba Zabarmanci, ba Damagaram, ba Yamai, to ra'ayin wasu ƴan boko ne suka ƙirga, su faɗi hakanan. Rahoton da ba ya nuna kalmominshi kamar mai awo ne da ke ɓoye tiyarshi.

Kada wani ya ɗauka wannan maganar gyaran sana'a ce kawai. Ka ce a iska «ana cewa buhun hatsi ya tashi a kasuwa kaza», gobe da safe mai ajiya ya ƙulle sito, mai saye ya ruga da tsoro, tsadar da ba ta wanzu ba ka haife ta da bakinka. Alhali akwai SIMA da aikinta shi ne bin farashin kasuwanni, akwai kuma ƴan kasuwar da lambarsu ke cikin wayarka. Ka ce «ana cewa allurar nan na da illa», wata uwa ta ɓoye ɗanta. Sannan ga doka. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. Ko kana ganin dokar ta yi tsauri ko ba ka gani, ranar da aka kira ka, «kowa na faɗi» ba za ta tsaya maka ba. Waɗanda suka turo maka ma share saƙon za su yi.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba roƙo ba.

Shugabannin gidajen radiyo, ku sa a rubuta jerin sunayen garuruwan yankinku da duk yadda ake rubuta su, da kalmomin ruwa, cuta, farashi, hanya, gobara, cikin Hausa da Faransanci. A manna a bangon ɗakin labarai kusa da jadawalin shirye-shirye. Duk sabon ma'aikaci a zaunar da shi awa guda a koya mishi. Awa guda ta isa.

Abokan aiki, mu yi wa bakinmu linzami. A maimakon «rezo ya ɗauka», mu ce: «mun ga wannan magana a shafi kaza tun ranar kaza, mun kira wanda abin ya shafa, ga abin da ya ce.» In ba mu samu tabbaci ba, mu ce ba mu samu ba, ko mu yi shiru. Shiru bai taɓa sa tsohuwa kuka ba. Kuma bayan an tace a waya, a ɗaga wayar a kira mutum mai rai da ke wurin. Gani ya kori ji.

Masu shafuka, har da wanga da nake rubutu a ciki: riga kowa ba shi ne aiki ba. Minti biyu ba za su kashe ku ba.

Ku kuma masu saurare, ku ne alƙalanmu. Duk ranar da kuka ji ni, ko wani, ya ce «kowa na magana», ku kira layin shirin ku ce: «Malam, kowa wa?» Kada ku ji kunya. In ya amsa, kun ƙaru. In ya yi tari ya sa kiɗa, kun san wanda kuke saurare.

Ita Innar da na ba ku labari ta sake kira da yamma. Ɗiyarta lafiya lau, caji ne ya ƙare mata. Ta ce: «Ɗana, ka dinga dubawa kafin ka faɗa, mu ba mu da wani sai ku.» Ban samu abin ce mata ba sai «to, Inna».

Wanda ke da wani rubutun sunan garinsu da ban ambata ba, ya ajiye muna shi a ƙasa, mu haɗa jerin tare. Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a shiri na gaba.